Na Fara Shan Maganin Tayirod, Sai Ga Faɗuwar Gaba da Bugun Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, wadda in ta kumbura muke kiran kumburin maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki baki ɗaya, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har narkewar abinci da kaifin tunani. In ta yi rauni ta kasa fitar da abin da ya isa, likita kan rubuta wata ƙwaya da za ki ga an rubuta Levothyroxine a jikin kwalinta, ko kuma sunan kamfani irin su Euthyrox da Eltroxin. Yawancin masu shanta lafiya lau suke samun sauƙi. Wasu kuwa ba a jima da farawa ba sai zuciya ta kama dukan uku-uku, gaba ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace wa ido. Dominsu aka tara waɗannan amsoshi. Mata sun fi maza fama da wannan ciwo nesa ba kusa ba, shi ya sa akasarin maganar da mace ake yin ta, amma ta shafi kowa.

Da gaske maganin zai iya jawo haka, ko tunani ne kawai na sa wa raina kamar yadda ake ce mini a gida?

Zai iya, 'yar'uwa. Buɗe 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin, za ki tarar da saurin bugun zuciya, rawar hannu, yawan gumi, rashin barci da rashin natsuwa a jerin abubuwan da ka iya biyo bayan shansa. Sinadarin tayirod yana taɓa zuciya kai tsaye. Yana ƙara mata sauri, yana ƙara ƙarfin da take matsa jini da shi, sannan yana sa ta fi saurin amsa kiran adirenalin, wato sinadarin da jiki ke saki in mutum ya firgita. Shi ya sa abin da kike ji yake kama da tsoro sak, alhali ba abin da ya tsorata ki. Jiki ne ya fara nuna alamun firgici, sai hankali ya bi baya yana lalubo dalili, kuma duk wanda ya lalubi abin damuwa da tsakar dare ba zai rasa ba.

Yana ɓata mini rai in ji an ce wa mai wannan hali “ki cire damuwa a ranki” an tsaya nan. Kokenki bayani ne da likita ke buƙata don ya daidaita miki magani.

To ai ce mini aka yi sinadarin ya yi mini kaɗan. Ta yaya cike giɓi zai zama matsala?

Ta hanyoyi uku. Ko dai adadin da aka ba ki ya fi abin da jikinki ke buƙata, ko adadin daidai ne amma an kai ki gare shi da sauri, ko kuma maganin ya tono wata larura da dā ma tana kwance.

Likitoci suna da lissafin farawa. Baligin da tayirod ɗinsa ta daina aiki gaba ɗaya, kuma zuciyarsa lafiya take, yana buƙatar kimanin mikirogiram 1.6 kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan za ta tashi da kusan 100. Sai dai ba kowa ne tayirod ɗinsa ta mutu murus ba. Wata tata tana nan tana ɗan taɓukawa, in aka ɗora mata cikakken adadi a kan wanda jikinta ke yi, sai a zarce. Akwai kuma ciwon Hashimoto, wanda wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya fara bayyanawa a 1912, inda garkuwar jiki ke far wa tayirod. A cikinsa aikin halittar kan yi hawa da sauka, musamman a farkon ciwon, don haka adadin da ya dace a wannan wata yana iya yin yawa nan da wasu watanni.

Sai maganar sauri. Wadda ta shekara biyu ko uku da ciwon ba a gano ba, zuciyarta ta saba da tafiyar hawainiya, wataƙila bugu 55 ko 60 a minti. Rana ɗaya aka cika mata sinadari, bugun ya koma 85. A takarda wannan lafiya ne, amma ita a ƙirjinta gudu take ji. Irin wannan yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni. Daidaita wannan magani kamar ɗinkin tela ne, awo na farko kintace ne, sai an gwada a jiki ake sanin inda za a rage da inda za a saki.

Wace alama ce in na gani zan bar komai in nufi asibiti?

Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai sauka hannun hagu ko hawa muƙamuƙi. Numfashi yana yi miki wuya kina zaune, ko ba kya iya kwanciya sai kin tara filo. Suma, ko jiri mai sa ido ya yi duhu. Bugun da ya rikice, ba shi da tsari, ya ƙi komawa daidai. Bugun da ya haura 120 kina hutawa ya tsaya a can. Karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu ko ƙafa. Zazzaɓi mai zafi haɗe da ruɗewa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya jiran ranar da aka rubuta miki a kati, kuma ba aikin mai kemis ba ne. A tafi sashen gaggawa ko da dare ne, a riƙe kwalin maganin a hannu.

Yaya zan ƙirga bugun da kaina?

Zauna ki huta minti biyar. Ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a tsintsiyar hannu ta gefen babban yatsa, ki danna kaɗan har ki ji jijiya na harbawa. Duba agogon waya ki ƙirga na minti ɗaya cif. Daga 60 zuwa 100 shi ne na baligi a hutawa. Ki kuma saurari tsarinsa: yana tafiya ɗaya bayan ɗaya, ko yana tsallake yana haɗa biyu? Na'urar awon hawan jini ta gida ma tana nuna lambar. Ki rubuta safe da yamma a takarda, da lokacin da abin ya taso miki. Sau biyu a rana ya isa. Mai riƙe da hannunta kowane rabin awa fargaba take ƙara wa kanta.

In daina sha kawai in huta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan aka fi yin kuskure ta ɓangarori biyu. Wata ta jefar da kwalin ta ce magani bai karɓe ta ba, ba ta sake komawa asibiti ba. Wata kuma ta cije ta yi ta sha wata shida tana fama, don kada a ce ta saɓa wa likita ko ta cika ƙorafi. Dukansu sun cutu.

Wadda ta daina, bugun zai lafa mata, har ta ɗauka ta rabu da matsala. Bayan makonni sai tsohon ciwon ya dawo a hankali: kasala, jin sanyi ana tsakiyar zafi, kumburin fuska, bushewar fata da ta ciki, zubewar gashi, rikicewar haila, mantuwa, baƙin ciki. Kitse ya taru a jini, zuciyar da take gudun wahalarwa ita ma ta raunana. Ga wadda aka cire wa tayirod da tiyata, barin maganin gaba ɗaya na iya kaiwa ga doguwar suma da rasa rai. Ita kuwa mai cijewa, in adadin ya yi mata yawa na tsawon lokaci, tana cikin haɗarin wani nau'in rikicewar bugun zuciya da ke sa jini ya dunƙule ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ga kuma zaizayewar ƙashi, musamman ga matan da suka daina haila.

Hanyar da ta dace tana tsakiya. Ki koma wa wanda ya rubuta miki maganin cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ki kira shi in kina da hanya. Abin da yakan yi sananne ne: ya saurari zuciya, ya sa a yi awon ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, wani lokaci ya ce ki dakata na 'yan kwanaki, sannan ki koma kan ƙaramin adadi irin 25 ko 50, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan kowane 'yan makonni. Ragewar ba koma baya ba ce. Mutane da yawa da suka kasa jure 100 a tashin farko sun kai can daga baya lafiya, da aka bi da su mataki-mataki.

An rage mini tun shekaranjiya, amma ban ji wani canji ba.

Ba za ki ji da wuri haka ba. Wannan magani yana daɗewa a jini, sai ya yi kamar mako guda kafin rabin abin da kika sha ya fita. Saboda haka sauƙin yakan fara bayyana bayan mako ɗaya ko biyu, kuma jiki bai gama zama a kan sabon adadi ba sai bayan mako huɗu zuwa shida. Dalilin ke nan da ake sa awon jini bayan mako shida zuwa takwas da kowane canji. In kika yi awon tun a mako na biyu, kin kashe kuɗi a kan lambar da ba ta zauna ba, sai fa in likita ne ya nema saboda tsananin alamun.

Na karɓo sakamako, an rubuta TSH. Me nake dubawa?

TSH ba daga tayirod yake fitowa ba. Wata halitta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, take sakinsa don ta umarci tayirod ta yi aiki. In sinadari ya yi ƙaranci a jini sai ta ɗaga murya, TSH ya hau. In ya yi yawa sai ta yi shiru, TSH ya sauka. Don haka a juye ake karanta shi: lamba ta yi ƙasa sosai, magani ya yi yawa ke nan. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyaka daga kusan 0.4 zuwa 4.0, amma ki dubi wadda aka buga a takardarki. Akan haɗa da awon T4, wanda shi ne sinadarin da kansa.

Abu biyu ke ɓata sakamako. In da T4 a cikin awon, gara a ɗebi jinin da safe kafin ki sha ƙwayar ranar. Na biyu, biyotin, wanda ke cikin ƙwayoyin gyaran gashi da farce da mata ke saye da yawa yanzu. Yana ruɗa na'urorin wasu ɗakunan gwaji, sakamako ya fito kamar magani ya yi yawa alhali bai yi ba. Ki ajiye shi aƙalla kwana biyu zuwa uku kafin awo, ki kuma faɗa wa likita kina shansa.

Awona ya fito daidai, amma gaba bai daina faɗuwa ba.

To sai a duba wani wajen, kuma na farkon dubawa ƙarancin jini ne. Raunin tayirod kan sa haila ta yi yawa, mace ta yi ta zubar da jini wata da watanni. Zuciya mai ƙarancin jini dole ta ƙara sauri, da magani ya farkar da jiki sai abin ya fito fili. Awon jini mai sauƙi zai nuna.

Daga nan ki lissafa abin da ke shiga bakinki. Goro, kofi, shayi mai kauri, atayan da ake dafawa har zagaye uku, lemon kwalba mai baƙi da lemukan ƙara kuzari, duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, mai sa zuciya gudu. Goro biyun da Hajiya ta shekara ashirin tana ci ba ta ji komai ba suna iya zama da yawa bayan ta fara wannan magani. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci da abin shaƙa na masu asma su ma suna sa zuciya gudu. Haka saukar suga ga mai ciwon suga, haka shekarun ɗaukewar haila da zafin jikinsu na dare.

Yana kuma yiwuwa ciwon fargaba ne mai zaman kansa, wanda ya zo tare da na tayirod ko ya riga shi. Ciwo ne kamar kowane, yana da magani, kuma zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa a kansa ba ya nufin hauka.

Ina jego, wata huɗu da haihuwa. Akwai abin da ya bambanta ni da sauran?

Akwai, har guda uku, kuma ina roƙon maijego da mijinta su karanta wannan da kyau.

Wasu matan tayirod ɗinsu kan kumbura a shekarar farko bayan haihuwa. Takan fara da zubo sinadari da yawa, ta koma ƙaranci, sannan a wurin da yawansu ta warke da kanta. In ta farfaɗo kina kan magani, adadin zai yi miki yawa, don haka awonki ya kamata ya fi na kowa yawaita.

Na biyu ya shafi wadda ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, haila ta ƙi dawowa, gashin hammata ya zube. Wannan na nuna fituwitari ce ta samu rauni, abin da likitoci ke kira ciwon Sheehan, kuma inda ake yawan haihuwa a gida ba baƙon abu ba ne. Mai wannan ba tayirod kaɗai ta rasa ba, har da kotizol, sinadarin da ke fitowa daga saman ƙoda. In aka fara mata maganin tayirod ba a fara cike kotizol ba, jini na iya faɗuwa, ga amai, ga jiri, ga mutuwar jiki, har abin ya kai ga halaka. Ki ba likita labarin haihuwarki ko bai tambaya ba. A wannan ciwon TSH ba ya nuna hanya, T4 ake bi.

Na uku, raunin zuciya na bayan haihuwa sananne ne a arewacin Najeriya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Maijego mai bugun zuciya da haki da kumburin ƙafa, hoton zuciya take buƙata, kada a ɗora wa ƙwaya laifi a zauna. Shi maganin tayirod ba ya hana shayarwa.

Mahaifina ya haura 70, yana da hawan jini. An ba shi 25 kawai, ni kuma ana ba ni 100. Ba a rage masa haƙƙi ba?

Ba a rage ba, ɗan'uwa, likitan Baba ya yi daidai. Dattawa da masu ciwon zuciya da 25 ake fara musu, wani lokaci ma 12.5, don zuciyar da jijiyoyinta suka tsuke ba ta jure a ƙara mata aiki farat ɗaya. In Baba yana shan warfarin na tsinka jini, ko maganin suga, a sanar da likita, domin adadinsu na iya buƙatar gyara.

Yadda nake shan ƙwayar yana da tasiri?

Ƙwarai. Da ruwa zalla ake sha, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Abinci, madara, kofi, awara da madarar waken soya duk suna rage abin da hanji ke tsotsa. Ƙwayar ƙarin jini, ta kalsiyam da ruwan maganin gyambon ciki sai an ba su tazarar awa huɗu.

Ga inda abin ke haɗuwa da bugun zuciya. A ce kin yi wata uku kina haɗiye ta da koko da ƙosai, likita ya ga awo bai sauka ba ya ƙara miki. Sai kika ji an ce a sha ciki ba komai, kika gyara. Yanzu abin da ke shiga jininki ya ƙaru ta hanya biyu, ta ƙarin likita da ta gyaranki. Haka in kika gama shan ƙwayar ƙarin jini da kike haɗa su tare. Duk canjin da kika yi, ki faɗa.

In kin manta ta yau, ki sha da zarar kin tuna. In har gobe ta yi, ki sha ta goben kaɗai.

Da azumi fa?

Ko ki tashi da wuri ki sha minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko ki sha lokacin kwanciya in an yi awa uku da cin abincinki na ƙarshe. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai har Sallah. Ƙishirwa da rashin barci da shayin dare kansu suna tayar da bugu, don haka wadda ba a gama daidaita mata adadi ba ta ga likita tun cikin Sha'aban.

Mai kemis ya ba ni na wani kamfani, lambar iri ɗaya. Tun daga nan na ji ba daidai ba.

Yana faruwa. Tazarar da ke tsakanin adadin da ya isa da wanda ya yi yawa ƙanƙanuwa ce a wannan magani, ɗan bambancin haɗi na iya bayyana a jikin wasu. A Faransa a 2017, da kamfanin Merck ya sauya kayan haɗin ƙwayarsa ta Levothyrox ba tare da taɓa sinadarin kansa ba, dubban mutane sun kai koke, har hukuma ta sa aka dawo da tsohon haɗin na wani lokaci. A 2021 hukumar magunguna ta Birtaniya ta shawarci likitoci su tsayar da mai irin wannan koke a kan kamfani ɗaya. Ki ɗauki hoton kwalin da ya karɓe ki a waya, ki riƙa nuna shi. In dole ta sa aka canza, a yi awo bayan mako shida. Ki duba lambar NAFDAC in a Najeriya kike, da ranar lalacewa, ki kuma ajiye shi nesa da rana da danshi. Zafin Afrilu a cikin mota ko kusa da murhu yana rage masa ƙarfi.

Maƙwabciyata an ba ta propranolol, ta ce ya kwantar mata da bugun. In saya?

Likita kan ba da shi na ɗan lokaci kafin adadi ya daidaita, kuma yana aiki. Amma yana iya toshe numfashin mai asma, yana ɓoye alamun saukar suga, yana kuma rufe alamar da ake buƙata don a gane magani ya yi yawa. Sai an rubuta miki.

Na lura ina ramewa da aka ƙara mini. In jure bugun in ci gaba, ko ma in ƙara?

Kada ki yi, garin neman gira za a rasa ido. A Amurka gargaɗi mafi girma da ke jikin takardar wannan magani shi ne kada a yi amfani da shi don rage ƙiba. Ramar da yawansa ke kawowa har tsoka da ƙashi take ci.

Na samu ciki, ga bugun zuciya. In ajiye maganin don jariri?

A'a, jaririn ne ma ya fi buƙatarsa. A watannin farko da sinadarin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma yawancin masu ciki ƙari ake yi musu na kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Ciki da kansa yana ƙara saurin zuciya. Ki je awo da zarar kin tabbatar, a riƙa duba TSH kusan kowane mako huɗu a rabin farko na cikin.

In abin ya taso mini da tsakar dare, me zan yi kafin gari ya waye?

Tashi zaune, ki kunna fitila, ki ƙirga bugun. In babu ko ɗaya daga alamun gaggawa da aka lissafa a sama, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ta baki ya fi jan tsawo, ki yi ta maimaitawa na 'yan mintuna. Wanke fuska da ruwan sanyi yana taimakawa. Ki tashi wani a gidan ya zauna kusa da ke, ba abin kunya ba ne. Addu'a da zikiri suna kwantar da hankali, ki riƙe su. In 'yan'uwa suka ce iska ce ko sammu, ki nuna musu ranar da kika fara ƙwayar da ranar da abin ya fara, kuma kada a ba ki jiƙo ko turaren da ba a san abin da ke ciki ba a kan zuciyar da dā ma gudu take.

Da safe ki tattara kwalin maganin, duk wata ƙwaya ko garin gargajiya da kike sha, takardar ƙirgen bugunki da sakamakon awon baya, ki kai wa likita. Ki tambaye shi adadin da za ki sha daga yau, da ranar awo na gaba, ya rubuta miki su a kati.